Yaran da Kotu Ta Bayar: Neman Asali a Tsofaffin Kundayen Shari'a

Ranar 1 ga Nuwamba 1864 sabon tsarin mulkin jihar Maryland ta Amurka ya fara aiki, kuma daga ranar bauta ta haramta a jihar. Ranar 3 ga wata, kwana biyu kacal da samun 'yanci, aka rubuta takardar da ta miƙa wata yarinya 'yar shekara takwas, Elizabeth Turner, ga wani mutumin gundumar Talbot mai suna Philemon Hambleton, a matsayin 'yar koyon sana'a. Shekaranjiya baiwarsa ce, ita da mahaifiyarta. Sana'ar da takardar ta ce zai koya mata ita ce aikin gida. Za ta zauna a hannunsa har ta cika shekara 18 a watan Oktoba 1874, ranar nan ya ba ta dala 15 ya sallame ta. Ba a yi maganar karatu ba, alhali dokar jihar ta wajabta wa duk wanda ya karɓi yaro farar fata ya koya masa karatu da rubutu da lissafi.

Ba ita kaɗai aka yi wa haka ba. A makonnin farko na 'yanci masu gonaki sun riƙa kwaso 'ya'yan tsofaffin bayinsu suna kai wa kotunan marayu na gundumomi, suna fitowa da takarda a hannu, yaran suna komawa gonar da suka baro. Dubban yara aka ɗaure ta wannan hanya a Maryland kaɗai. Sai a watan Oktoba 1867 babban alƙalin alƙalan Amurka, Salmon Chase, ya zauna a Baltimore ya saurari ƙarar da dangin Elizabeth suka shigar, ya yanke cewa wannan bauta ce aka sake wa riga, ya ba da umarnin a sake ta.

In a yau akwai tattaɓa-kunnen wannan yarinya da ke neman tsatsonsa, babu abin da zai samu da ya kai wannan takarda ta zalunci daraja. Ta ba shi sunanta, da sunan uwarta Betsey, da wata da shekarar da aka haife ta, da gundumarsu, da sunan mutumin da ya mallake su. Da wuya wata takarda ta wancan zamani ta haɗa masa waɗannan a shafi guda. A kan haka nake son yin magana yau. Kundin kotu yana cikin wurare ƙalilan da ɗan talaka ya bar sunansa, kuma sau da yawa ya bar shi ne a ranar da ake raba shi da uwarsa. Ina ganin wajibi ne a nemi waɗannan kundaye, a adana su, a buɗe su ga zuri'ar yaran da ke ciki. Amma duk mai karanta su kada ya manta cewa wanda ya karɓi yaron da wanda ya ba da shi su ne suka riƙe alƙalamin.

Dalilin tsadar takardun yana cikin yadda ake ƙidayar jama'a a Amurka. Tun 1790 suke yin ta duk shekara goma, amma har zuwa 1840 sunan maigida kawai ake rubutawa, mata da yara kuwa sai dai adadi: maza ƙasa da shekara kaza mutum uku, mata kaza mutum biyu. A 1850 aka fara rubuta sunan kowane mai 'yanci. Bayi kuma a ƙidayar 1850 da ta 1860 jeri daban aka yi musu, a sa sunan ubangida a sama, a ƙasa a jera shekaru da jinsi da launin fata, babu suna. Ƙidayar 1870 ce ta farko da ta kira mutum miliyan huɗu da aka 'yanta da sunayensu. Shi ya sa baƙar fatan Amurka mai bin salsalarsa yakan yi tafiya lafiya har ya zo 1870, daga nan hanya ta toshe. Takardar koyon sana'a da aka rubuta a 1864 ko 1866, mai ɗauke da sunan uwa da sunan tsohon ubangida, ita ce takan buɗe masa ita. Da sunan ubangida a hannu sai ya nemi wasiyyarsa da takardar rabon gadonsa, inda aka lissafa bayi tare da dawakai da kayan ɗaki, a nan ya tarar da kakar kakarsa an sa mata farashi.

Wannan al'ada ba Amurkawa suka ƙirƙire ta ba, daga Ingila ta haye teku. Dokar talakawa ta 1601, a ƙarshen mulkin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, ta ba wa jami'an kula da matalauta na kowace unguwar coci ikon ɗaukar yaran da iyayensu suka gaza, su miƙa su ga wanda zai riƙe, in dai alƙalan sulhu biyu sun sa hannu. Namiji sai ya kai shekara 24, mace shekara 21 ko ranar aurenta, kafin a 1778 a sauko da na maza zuwa 21. Akan rubuta yarjejeniyar sau biyu a takarda ɗaya, a yanka tsakiya a karkace, kowane ɓangare ya riƙe rabi, in rigima ta taso a haɗa bakin yankan a gani ko ya dace. Hikimar hukuma a fili take: yaron da aka miƙa ya fita daga cikin masu cin harajin unguwa. Da masaƙun auduga suka bunƙasa a ƙarshen ƙarni na 18, sai unguwannin Landan suka riƙa tura yara rukuni-rukuni zuwa arewacin ƙasar. Robert Blincoe yana ɗan shekara bakwai a 1799 aka ɗauke shi daga gidan matalauta na St Pancras zuwa wata masaƙa kusa da Nottingham, daga baya ya ba da labarin duka da yunwar da suka sha, aka buga shi. Abin ya yi munin da a 1802 majalisa ta yi dokar da ta iyakance aikin irin waɗannan yara ga awa 12 a rana. Awa goma sha biyu, wannan shi ne sassaucin.

Ko a takarda ɗan mai hali da ɗan talaka ba su zauna wuri ɗaya ba. Uban da ya biya kuɗi aka koya wa ɗansa sana'a, daga 1710 zuwa 1811 akwai harajin da ake karɓa a kan yarjejeniyar, don haka sunan yaron yana cikin rajistar haraji da ke babban gidan adana takardun Birtaniya a Kew. Yaron da unguwa ta bayar ba a biya masa wannan haraji, sunansa yana cikin tsohon akwatin coci, yau kuma a ɗakunan adana takardu na gundumomi. Tun 1619 aka fara kwashe yaran titin Landan, kimanin ɗari a karon farko, zuwa Virginia a kan irin wannan sharaɗi. Da dokar ta sauka a ƙasar da ake noman taba da bayi, sai ta ɗauki launin wurin.

Yaya mai bincike yake aiki da waɗannan takardu? A jiha kamar Carolina ta Arewa, inda kotun gunduma ke zama sau huɗu a shekara har zuwa 1868, abin da ya fara buɗewa shi ne littafin zaman kotu. Galibi layi biyu ne ko uku tsakanin maganar gyaran hanya da lasisin mai masauƙi: an ba da umarni a miƙa wane, ɗan wance, mai shekara kaza, ga wane, ya koyi ƙira har ya kai 21. Magatakarda bai ɓata tawada ba, ya wuce zuwa batu na gaba. Daga nan mai bincike sai ya nemi takardar alkawari da ubangidan ya sa wa hannu, wadda a wannan jiha da yawa suna gidan adana takardu na Raleigh, an jera su gunduma-gunduma. A jikinta akwai sunayen waɗanda suka tsaya wa ubangida, wasu da sa hannu, wasu da gicciyen wanda bai iya rubutu ba. Waɗannan sunaye ba na ado ba ne. Mai tsayawa yakan zama maƙwabci ko suruki, wani lokaci kawun yaron ne. Shi kansa ubangidan yakan fito a matsayin mijin uwar yaron, ko kakansa, ko ma uban da ya haife shi ba ta hanyar aure ba, yana neman hanyar riƙe ɗansa ba tare da ya amsa shi a bainar jama'a ba.

Gwanin aikin ba ya tsayawa a kan yaro ɗaya. Yakan bi zaman kotu na shekara goma ko ashirin yana tsince duk yaron da aka ce ɗan wance ne. A wannan zama an ba da babban ga maƙeri, bayan shekara biyu an ba da ƙanwarsa ga matar wani manomi ta koyi kaɗi da saƙa, bayan uku an ba da autan ga majemi a can ƙarshen gunduma. Ɗaki guda ne aka watsa gida uku, kuma mai bincike ne mutum na farko da ya sake jera sunayensu a takarda ɗaya tun ranar da aka raba su. Yana gamawa ya koma ƙidayar 1850, ya ga yaro mai sunan dangi daban a ƙarshen jerin iyalin maƙerin, yanzu ya san ko wane ne. Sauran labarin yana warwatse: ƙarar da uwa ta kai cewa ana dukan ɗanta, sake miƙa yaron ga wani bayan ubangida ya rasu, sanarwar jarida cewa ya gudu, ko ƙarar da shi kansa ya shigar da ya girma yana neman kuɗin sallamarsa.

Sai dai takardar tana da tarko, wanda ya yarda da ita ido rufe zai ɓata. In ta ce maraya, ba lallai ne uwa ta mutu ba. A dokar wancan lokaci yaron da ba shi da uba maraya ne ko da uwarsa na tsaye a bakin ƙofar kotu tana kuka, kuma ɗan da aka haifa ba aure ana ɗaukarsa marar uba. Bayan yaƙin basasar Amurka wannan ƙa'ida ta zama makami, domin dokar jihohin kudu ba ta taɓa amincewa da auren bayi ba, saboda haka kusan kowane ɗan bawa ana iya kiransa marar uba alhali ubansa na raye yana noma. Shekarun da aka rubuta ma abin tuhuma ne. Duk shekarar da aka rage wa yaro, shekara guda ce ta aikin banza aka ƙara wa ubangida, kuma sau da yawa shi ne ya faɗi shekarun. In ta ce iyaye sun yarda, a tambaya wace irin yarda ce matar da aka 'yanta jiya, ba gona ba ɗaki, za ta iya hanawa. In ta ce iyaye sun kasa ciyar da shi, a lura cewa masu gonaki sun fi zawarcin 'yan shekara goma sha, waɗanda suka isa riƙe fartanya, wato daidai yaran da iyali ke buƙata don su tsaya da ƙafarsu. Sannan akwai gundumomin da babu abin da ya rage: da yawa a Virginia sun kai kundayensu Richmond don a tsare su lokacin yaƙi, gobarar watan Afrilu 1865 ta cinye su.

Duk da haka, abin da haƙuri ya tono daga waɗannan kundaye ya gyara tarihi, ba na iyali ɗaya kawai ba. A 1691 Virginia ta yi doka cewa farar mace da ta haihu da baƙar fata za ta biya tarar fam 15, in ba ta da shi a sayar da aikinta na shekara biyar, ɗan kuma a ɗaure shi a hannun wani har ya kai shekara 30. A 1705 aka mayar 31. A 1723 aka ƙara cewa in 'yar da aka ɗaure ta haihu kafin wa'adinta ya cika, abin da ta haifa shi ma ya shiga irin ɗaurin. Sai a 1765 aka sauko da shi zuwa 21 ga maza da 18 ga mata. Muguwar doka ce, amma saboda ita kaka da uwa da jika suka bi ta gaban alƙali ɗaya bayan ɗaya, magatakarda yana rubutawa. Wani mai bincike, Paul Heinegg, ya shafe shekaru yana bin waɗannan layuka a kundayen Virginia da Carolina da Maryland, ya tarar cewa akasarin iyalan baƙar fata masu 'yanci na zamanin mulkin Ingila sun samo asali ne daga fararen mata 'yan aiki da suka haihu da mazajen Afirka. Da can abin da aka fi zato shi ne 'ya'yan iyayengiji ne da kuyanginsu. Dubban mutane suka san kakanninsu na ƙarni na 17 ta wannan aiki.

Na san za a ce ai ba duka ne zalunci ba, kuma gaskiya ne. A zamanin da babu gidan marayu babu makarantar gwamnati, yaron da ya rasa uba da gona yana buƙatar rufi da tuwo da sana'a, kuma da yawa sun samu. Andrew Johnson mahaifinsa ya rasu a Raleigh a 1812 ya bar uwar da yara cikin talauci, aka miƙa shi ga wani tela mai suna James Selby. A shagon ya koyi ɗinki, a can ya fara haɗa baƙi. A 1824 ya gudu shi da yayansa, Selby ya buga a jarida cewa zai ba da dala 10 ga wanda ya kamo su. Da allura da almakashi ya kafa kansa a Tennessee, a 1865 ya zama shugaban Amurka. Sana'ar ta yi masa rana. Abin da ke ba ni baƙin ciki shi ne, mutumin da ya ɗanɗani wannan ɗauri har ya tsere masa, shi ne a 1866 ya hau kujerar na-ƙi a kan dokar 'yancin ɗan ƙasa, sai da majalisa ta tsallake shi ta tabbatar da ita. Wannan doka tana cikin abin da Chase ya dogara da shi ya saki Elizabeth Turner.

Hanyar gane riƙon kirki daga ƙwace tana cikin takardar kanta, ga mai lura. A duba sana'ar: ƙira da kafinta da ɗinki sana'o'i ne da yaro zai ci abinci da su, noma da aikin gida kuwa a mafi yawan takardun sunan bauta ne kawai. A duba ko an yi alkawarin karatu. A duba wa'adi. A Carolina ta Arewa yarinya farar fata tana fita a 18, baƙa sai 21, a 1838 kuma aka ɗauke wa iyayengiji nauyin koya wa baƙaƙen yara karatu. A Mississippi dokar watan Nuwamba 1865 ta faɗa ƙarara cewa in za a ba da yaro, tsohon ubangidansa ne ke kan gaba.

Muryar iyaye ba ta cika fitowa a kundin kotun gunduma ba. Tana cikin takardun hukumar da gwamnatin tarayya ta kafa a watan Maris 1865 don kula da 'yantattun bayi, wadda ta yi aiki har 1872. Can iyaye mata da maza da kakanni, da sojojin da suka dawo daga yaƙi suka tarar an ba da 'ya'yansu, suka riƙa kai kuka, jami'ai suna rubutawa. Matsin irin waɗannan iyaye ne ya kai ga kotun ƙolin Carolina ta Arewa ta yanke a 1867 cewa miƙa yaro ba tare da an sanar da shi da nasa ba haramtacce ne. Tsakanin 2015 da 2016 dubban 'yan sa-kai suka zauna a gaban kwamfuta, ƙarƙashin shirin FamilySearch, suka tsamo sunaye kusan miliyan 1.8 daga takardun hukumar, ta yadda yau mutum zai rubuta sunan kakansa a intanet ya gani. Shawarata ga duk mai wannan bincike ita ce kada ya karanta takardar ubangida ya tsaya, ya nemo ƙarar uwa ya ajiye kusa da ita.

To, mu ina wannan ya shafe mu? Ya shafe mu kai tsaye, domin an yi irinsa a ƙasarmu, kuma an rubuta. Sanarwar Lugard ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, amma ba ta kwance waɗanda ke cikin bauta ba, sai a 1936 doka ta soke ta gaba ɗaya a Arewa. A tsakanin nan dubun dubatar mutane suka sami 'yanci ta hanyar kotu, wasu da murgu, wasu dangi suka fanshe su, mata da yawa kuma wanda zai aura ne ya biya. Razdan na kowane lardi yana da rajistar 'yantattu: suna, jinsi, shekaru, ƙabila, yadda aka 'yanta, da inda aka kai mutum. Yaran da aka ƙwace daga hannun fatake, da yawansu daga yankin Adamawa da Binuwai da Kamaru, in ba a gano garinsu ba akan kai su gidan 'yantattun bayi na Zungeru ko na Barno. Daga can a ba da wasu riƙo, wasu a tura su koyon sana'a a ma'aikatun gwamnati, wasu su zama barorin gida, wasu a miƙa wa 'yan mishan. Da aka rufe na Zungeru, yaran suka koma gidan da mishan ta gina a Rumasha, a bakin Binuwai. Da yawa sun fita da sabon suna da sabon addini da sabon harshe. Jikokinsu suna nan tare da mu, a Lokoja da Wukari da Kaduna da Jos, wasu ba su san daga wane tsauni aka sauko da kakarsu ba, alhali mai yiwuwa amsar tana cikin wani fayil a gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn da waɗannan rajistoci suka rubuta littafinsu na 1993 kan mutuwar bauta a Arewa. Su alƙaluma suka nema. Iyali sunaye za su nema, kuma sunayen suna nan.

Ga kuma kundayen alƙalai da na majalisun sarakuna, da Larabci. Allan Christelow ya fassara zaɓaɓɓun shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, ya buga a 1994, kuma wanda ya duba ya san irin abin da ke ciki: rigimar gona, gado, diyya, bawa da ubangida, kowa da sunansa da sunan ƙauyensu. Wannan na majalisa ɗaya ne, cikin shekara biyu. A ƙiyasta abin da kotunan alƙalai na Katsina da Zazzau da Sakkwato da Yola suka rubuta cikin shekara sittin kan riƙon maraya, da wanda aka damƙa wa dukiyarsa, da agolan da aka yi jayayya a kansa, da takardar 'yanci.

Muna alfahari da cewa mu asali a ka muke riƙe shi, maroƙi zai jero wa basarake kakanni goma ba tuntuɓe. Haka ne, amma a duba su wa ake jerowa. Gidan sarauta, gidan malamai, gidan attajirai. Ko a cikin bayi, waɗanda suka riƙe sarautun fada irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano an san tarihin gidajensu. Wanda aka haifa a rinji, ko yarinyar da aka sayo da damin dawa a shekarar yunwa, babu maroƙin da ya haddace su, 'ya'yansu ma da gangan suka daina faɗa. Ka ya riƙe na manya. Na ƙanana in bai shiga kundin alƙali ba ya tafi.

A nan ne hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kan ra'ayina take, kuma ba zan raina ta ba. A Amurka wanda ya gano kakarsa baiwa ce yakan tara dangi ya nuna musu takardar yana alfahari. A wurinmu takarda irin wannan tana iya rusa baiko. Har gobe ana aika dattawa binciken asali kafin a ba da aure, har gobe kalmar bacucane gori ce, kuma akwai wanda in ya sami shafin nan zai ɗora shi a Facebook don ya tozarta abokin takararsa. Dattijon da ya ce a bar kaza cikin gashinta ba wawa ba ne, jikokinsa yake karewa.

Amma ban yarda maganin shi ne a bar wa gara kundayen ba. Ɓoyewar da muke yi ita ke raya gorin, domin tana tabbatar wa kowa cewa abin kunyar yana kan wanda aka kama, alhali yana kan wanda ya kama da wanda ya saya. Yarinyar da aka ɗauke daga gonar ubanta ba ta yi laifin komai ba, kuma ta rayu, ta haifi mutanen da yau wasunsu limamai ne da likitoci. Addinin mafi yawanmu ya hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, ya girmama sanin nasaba, to yaya za mu ga hanyar mayar wa mutum sunan kakansa na gaskiya mu toshe ta? Kuma ba bauta kaɗai ke cikin kundayen ba. Akwai maraya da aka cinye wa gado, akwai 'yan'uwan da riƙo ya raba ɗaya a Gusau ɗaya a Kumasi. Abin da ake buƙata ƙa'ida ce: zuri'a da masu nazari su sami dama, wanda ya ɗauki shafi don cin mutunci ya fuskanci hukunci, kamar yadda gidajen adana takardu a ko'ina suke da sharuɗɗa kan bayanan da suka shafi mutane.

Kafin a kai ga ƙa'ida sai takardar ta tsira, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Babban ɗakin karatu na Birtaniya, ta shirinsa na ceto takardun da ke cikin haɗari, ya tallafa an ɗauki hoton wasu tsofaffin takardu a Kano da Kaduna. An gode, amma ba aikin baƙo ba ne. Kundayen da suka fi shiga haɗari ba su ne na manyan gidajen adana takardu ba, su ne waɗanda suka rage a ɗakunan ajiya na tsofaffin kotunan alƙalai tun sauyin da aka yi wa kotunan gargajiya a ƙarshen shekarun 1960, da waɗanda ke cikin adakar zuri'ar alƙalai da muhutai. Hukumomin shari'a na jihohi su fara da ƙidaya: wane kundi ke ina, daga wace shekara zuwa wace. Sannan a ɗauki hoto, shafi-shafi, abin da kyamarar waya mai kyau da haske suka isa yi. Sashen tarihi da na Larabci a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo suna da ɗaliban da kowace shekara ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. A ba kowane ɗalibi littafin kotu guda ya tsamo sunaye da garuruwa da shekaru. Rubutun magatakardan wancan zamani ba kowane mai digirin Larabci ke iya karanta shi ba, yana da gajerce-gajercensa, da sunayen Hausa da Fulatanci da aka rubuta ba wasali. Waɗanda suka saba da shi tsofaffin ma'aikatan kotu ne da malaman zaure, kuma yawancinsu sun haura saba'in. A biya su, a zaunar da su tare da ɗaliban, a fara da kundayen 1903 zuwa 1936.